Nonon da Fatahu Ya Sha a Ordinatar

Fatahu taubashina ne, ɗan Goggo Mairamu ƙanwar babana, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ɗina ne, ba mai kai ni ƙara. In ya ji zafi ya rubuta nasa. Ai shi ne mai difilom. Ni tun a ƙananan ajujuwan lakwal malaminmu ya dube ni, na dube shi, muka rabu lafiya ba wanda ya riƙe wani a zuciya.

Kakanmu Malam Fatahu ya taso daga Damagaram ne tun farkon buɗe ramukan yuraniyom, ya zo Arlit sayar da goro, ya ƙare da limanci, ya cika unguwa da 'ya'ya. Saboda son da ake masa, 'ya'yansa mata biyu da suka haihu a shekara ɗaya kowace ta sa wa ɗanta sunansa. Fatahu biyu ke nan. Ɗayan yana can Tchibarakaten yana haƙa, muna ce masa Fatahun Zinariya. Ku ajiye shi a gefe, za a neme shi. Nawa Fatahun shi ne na ordinatar, abin da 'yan Najeriya ke ce wa kwamfuta.

Tun yana ƙarami Fatahu bai damu da abu ba, yadda ake yin abun ne ke gabansa. Mu in mun ƙera motar waya sai mu fita tsere. Shi in ya gama tasa sai ya warware ta, ya miƙe wayoyin sumul, ya zaunar da kai yana ba ka umarni: lanƙwasa nan, ɗaura can. In motar da ta fito hannunka ta yi kama da wadda ya warware, sai ya yi ta tsalle kamar an ba shi raƙumi. In taya ɗaya ta karkace, kuka har la'asar. Ran da Goggo ta aike shi ya kai wa baƙo fura, na rantse muku tsayawa ya yi da ƙwaryar a hannu yana yi wa bawan Allah bayanin yadda ake dama ta, har baƙon ya yi sallama ya tafi da ƙishirwarsa.

Ya tafi Yamai karatu, ya dawo da tabarau da ƙaramin gemu da ciwon wuya, ya samu aiki a buro, wato ofis, wajen ramin Akokan. Ba a taɓa ganin ƙasa a takalminsa ba, amma in kun ji yana cewa "mu ma'aikatan rami" sai ku ɗauka da farcensa ya tono yuraniyom ɗin. Da aka rufe ramin, ya buɗe butik kusa da kasuwa, yana buga wa mutane takardu, yana gyara salula, yana zagin kuran, wato wutar lantarki, duk lokacin da aka ɗauke.

To a nan ne ciwonsa na yarinta ya dawo, da tabarau wannan karon.

Bari in yi muku bayani yadda ya yi mini, don ya yi mini shi har sai da kunnena ya yi ƙanta. Wai duk abin da ordinatar ke aiki da shi a cikin kansa yake riƙe, kamar yadda mai shayi ke riƙe da wanda ya ce a sa madara da wanda ya ce kar a sa. Kuran na ɗaukewa, batir na mutuwa, komai ya watse. Masu hankali sai su kwafe abin su ajiye a fishiye, wato fayil. Fatahu ya ce fishiye na matsorata ne. Shi so yake injin ya leƙa cikin kansa, ya ga abin da ke ciki, ya rubuta shi a matsayin umarni, da yaren nan da ake rubuta porogaram: a ƙirƙiri kaza, a ba shi kaza, a ɗaura shi da kaza. Rubutun nan shi ake ce wa kod. In ka tayar da shi, sai ya sake gina duk abin da ya watse, tamkar ba a yi mutuwa ba.

Na ce, "Wato motar waya."

Ya ce, "Halidu, kai fa jahili ne, amma yau ka faɗi daidai."

Na ce, "To me ya fi fishiyen da shi?"

Ya ce, "Mutum na iya karanta shi da ido. Kuma duk injin da ya san yaren zai tayar da shi, ko na mutu."

Tun daga ranar na sa masa Malam Tayarwa. Sunan ya bi shi har masallaci.

Zan yi masa adalci a wuri ɗaya, kada ku saba. Bayan rufe ramin, dangi sun watse. Wasu sun koma Damagaram, wasu Yamai, samari sun bi zinariya. Yaran da ake haifa can ba su san su waye mu ba. Fatahu ya ce kafin a wayi gari ɗan'uwa ya wuce ɗan'uwa a tasha ba gaisuwa, zai zuba dangi kaf a injin: wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Goggo Mairamu ta rasu, uwar Fatahun Zinariya ma haka. Mutum ɗaya ta rage da ta san kan abin, Inna 'Yargata, matar marigayi yayan babana. Kuma Allah da ikonsa, ita ce uwar Bara'atu, ungozoma a asibiti, wadda Fatahu ke so tun tana tallan gyaɗa. Ku ku yanke hukunci ko zumunci ne ya kai shi gidan ko wani abu.

Kullum bayan azahar sai ya je ya zauna gaban tabarmar Inna a gindin bishiyar bedi, ordinatar a cinya, kai a sunkuye. Inna na ɓarar gyaɗa tana ba da labari, Bara'atu na gefe, ni kuma ina wajen kwanon gyaɗar ina taimakawa. Sai dai Inna tsohuwar hannu ce a kunya. Ba ta faɗin sunan miji, ba ta faɗin na ɗan fari, balle na suruki. Kowa da abin da take kiransa. Baffa Ahmudu, ƙanen mijinta, Mai Tabarau ne. Ni Mai Surutu, ban san dalili ba. Duk wanda kuma ya ci sunan kakanmu, Mai Sunan Malam ne. In ta ce "Mai Sunan Malam ya yi kaza", sai Bara'atu ta ce a hankali, "Kai take nufi," ko "Wancan take nufi." Fatahu ya danna, bai ɗaga kai ba. Bai taɓa tambayar yadda Bara'atu ke ganewa ba. Mai ilimi ba ya tambayar irin wannan.

A cikin labaran nan ne wata rana Inna ta ambaci cewa ta taɓa shayar da Mai Sunan Malam, lokacin da uwarsa ta kwanta ciwo. Ba wanda ya san da zancen sai ranar. Bara'atu ta ce, "Wancan." Fatahu ya danna. Aka wuce.

Dangi suka cika kan injin. Saura a rubuta su a kod. Nan aka fara rigima, don Fatahu ya manta irin gidan da ya fito. Mu gidan auren zumunci ne. Injin ya tashi rubuta Goggo, ya ga sai ya fara rubuta mijinta. Ya je wajen mijin, ya ga ɗan ƙanen kaka ne, sai ya fara rubuta kaka. Ya je wajen kaka, ya ga sai ya rubuta 'ya'yansa, ga Goggo zaune tana jiransa. Ya koma wajen miji. Haka ya yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, yana huci, har ya yi zafin da na ɗora buta a kansa muka sha shayi. Fatahu na musun shayin. Zafin dai bai musa ba.

Ya rame a kan wannan, sannan ya fito da dabara. Ya ce injin ya fara kiran suna tukuna kamar a lakwal, ya ƙirƙiri kowa tsirara, ba uwa ba uba ba mata. Sai an gama kowa ya tsaya, sannan a koma a ɗaura zumunci a ƙasa: wane ɗan wance ne, wance matar wane ce. Zagaye ya ƙare. Ranar ya saya mini tsire, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin Arlit.

Abu ɗaya ya rage. Wai a cikin kan injin mutane ba su da suna, kowa da wurin zamansa ne kawai, adireshi, in ana son sa sai a nuna wurin. Amma a rubutu ba a nuni, dole kowa ya samu sunan da za a kira shi. Fatahu, don ya burge surukar gobe, ya ce ba zai sa wa dangi lamba kamar kamiyon ɗaukar kaya na kamfani ba. Da bakin Inna zai rubuta. Abin da take kiran kowa, shi ne sunansa a kod. Ya je ya durƙusa ya gaya mata, ya ƙara da cewa, "Inna, abin nan ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Yadda kika faɗa haka zai riƙe har jikokin jikoki." Wannan maganar ya faɗe ta a butik, ya faɗe ta a majalisar shayi, ya faɗa wa Baffa Ahmudu har Baffa ya haddace.

An sa ranar aurensa da Bara'atu bayan babbar salla. Baffa Ahmudu ne waliyyi, tsohon ma'aikacin rami, mutumin da in ya ga kwalta ta tsage sai ya tsaya ya nemi wanda ya yi. Washegarin salla dangi suka taru gidansa cin nama, sai ga ango da ordinatar a hammata. Tun safe babu kuran. Ya buɗe ya fara nuna wa mutane kakanninsu, ana ta kabbara, mata na leƙe. Yana tsakiyar bayani batir ya ce ga garinku. Allon ya yi baƙi.

Wani zai ji kunya. Fatahu murna ya yi.

"Alhamdu lillahi! Yanzu za ku ga aiki. Duk dangin nan sun watse daga kan injin, ba wanda ya rage. Amma ya riga ya rubuta su. Ku jira kuran."

Aka kawo kuran bayan la'asar. Ya kunna, ya tayar da kod ɗin, ya harɗe hannu yana kallon sama kamar mai jiran a ɗaura masa rawani. Dangi suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Wata gwaggo ta yi guɗa.

Baffa Ahmudu ya gyara tabarau ya matso. "To nuna mini kai da Bara'atu. In ga ta ina kuka haɗu."

"Kawu, ai wannan mai sauƙi ne."

Ya danna. Baffa ya karanta da ƙarfi, don shi ba ya karatu a zuci. "Taubasai. Madalla." Ya sauko layi na biyu. Ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. "'Yan'uwan nono."

Wallahi har ƙudan da ke kan nama sai da suka yi shiru.

"Fatahu, me nake gani? Ka sha nonon uwar yarinyar nan?"

"Kawu, ba ni ba ne! Wancan ne, na Tchibarakaten!"

"Ba kai ka ce abin nan ba ya ƙarawa ba ya ragewa ba?"

Na ce, "Ya faɗa, Baffa. Ni shaida ne." Fatahu ya yi mini wani kallo da har yau in na tuna sai in ji daɗi.

Ya buɗe kod ɗin. Ai ya ce mutum na iya karantawa da ido, to ga ranar karatu ta zo. Can sama wajen kiran suna, ga shi: a ƙirƙiri mutum, a kira shi Mai Sunan Malam. Ƙasa kaɗan kuma: a ƙirƙiri mutum, a kira shi Mai Sunan Malam. Na biyu ya zo ya zauna kan na farko ya shafe shi. Fatahu biyu suka shiga rubutu, ɗaya ya fito. Duk abin da aka ɗaura a ƙasa kan mutum ɗaya ya faɗa: uwa biyu gare shi, yana butik a Arlit kuma yana rami a Tchibarakaten, ga tabarau ga shebur.

Nan Malam Tayarwa, gaban maza da mata, ya ce, "Kawu, injin ya yi kuskure. Ni na yi kuskure." Na so a ce akwai mai ɗaukar murya.

Baffa ya ce, "Na ji, na kuma gani. Mutum ba ya da uwa biyu. Amma ɗayanku ya sha. Nuna mini a rubutun wanne ne."

Ya gangara ƙasa wajen ɗaurin zumunci. Layin na nan: Inna ta shayar da Mai Sunan Malam. Shi ke nan. Da a ce yana manne da mai shi tun sama, da an gane. Dabarar nan da ya saya mini tsire a kanta, ita ta raba layin da mai shi. Abin da ke kan injin kuwa, inda kowa ke da wurinsa, ya tafi da batir. Fishiye fa? Na matsorata ne.

Fatahu ya rantse. Baffa ya ce, "Kai mai neman aure, me za ka ce dama?" Bara'atu ta aiko daga cikin gida cewa ita ta fassara, wancan ne. Baffa ya ce, "Ita ma amarya ce." Na miƙe na ce ina wurin, da kunnena na ji. Baffa ya ce, "Halidu, kai ne ka ce ka ga kura a kan babur. Zauna."

Aka juya wajen Inna. Tana tsakiyar mata, ta ja mayafi.

"Yaya, wa kika shayar?"

"Mai Sunan Malam."

"Wanne?"

"Mai Sunan Malam mana."

"Wannan da ke zaune, ko na daji?"

Kowa ya sa baki. Wannan na cewa ki tuna, waccan na cewa ki ji tsoron Allah. Tsohuwa ta dubi ƙasa, ta saci kallon injin. Ta ce, "Su biyun duk a ɗakina suke wuni. Kukansu iri ɗaya. Ni na ɗauka na sani. Amma yaron nan ya ce abin nasa yadda na faɗa haka yake riƙewa. To in ya ce shi ne..."

Kun ga aikin Fatahu. Bai tsaya ga rikita injin ba, sai da ya rikita tsohuwar da aka kwaso abin daga kanta.

Baffa Ahmudu ya miƙe ya kaɗe riga. "Ba na ɗaura aure a kan shakka. In ta fita, ga yarinya. In ba ta fita ba, ƙanwarka ce, ka nemo mata miji."

Kwanakin da suka biyo, Fatahu ya zube. Wuyan nan ya ƙara tsawo, tabarau na zamewa. Wata mata ta kawo takardar haihuwa ya buga mata, ya buga mata ita a juye. Muka samu rezo, wato sabis ɗin waya, muka kira Fatahun Zinariya, wai ko ya ji wani abu daga bakin uwarsa kafin ta rasu.

Ya ce, "Kai ɗan'uwa, ina cikin zane a lokacin, so kake in tuna ɗanɗano?" Ya yi dariya har layin na karkarwa. "Amma tsaya. In kai ka sha, ni ke nan ban sha ba ko? Ka gaishe da Kawu. Ka ce masa ina nan tafe da mota, kada ya yi gaggawar neman wani."

Fatahu ya kashe salula ya zauna a ƙasa.

Ruɗewa ta kai shi ga abin da ko ni ba zan yi ba. Ya ce duk masifar nan daga rashin suna ta zo, saboda haka Inna ta faɗi suna kawai a huta. Ya tara gwaggwanni suka yi mata taron dangi, ana lallashi ana kuka, ana cewa rayuwar 'yarki ce. Matar da tun da aka kawo ta gidan nan amarya sunan bai taɓa fita bakinta ba. Har mun fid da rai. Can ta rufe fuska da mayafi, ta ce:

"Fatahu."

Kowa na jiran sauƙi ya sauko. Sai wata gwaggo ta ce, "To... wanne?"

Ni dai fita na yi, don in na yi dariyar a ciki ba za a sake ba ni abinci a gidan ba. Na jingina da bango har hawaye. Mai difilom ya sa tsohuwa ta karya kunyar rayuwarta don ta gaya masa sunansa.

Da yamma Bara'atu ta biyo ta butik daga asibiti, da rigar aiki. Ina ciki ina cajin salula, suka yi kamar ba ni, na yi kamar ba ni.

Ta ce, "Malam Tayarwa, ka sa uwata kuka."

"Bara'atu, ki yafe ni. Kaina ne ya ƙulle. A cikin injin komai daidai yake, wallahi. Can ba ruwansa da suna, kowa da adireshinsa, nuni ake yi. Rubutu ne ya ɓata."

Ta dube shi. "Nuni ake yi."

"Nuni."

"Duk zaman da ka yi gaban Inna, ka taɓa ɗaga kai ka kalle ta?"

"Ina aiki ne ai."

"Kana aiki. To ni ta ina kake tsammani nake ganewa, wahayi ake mini? Gobe bayan azahar ka kawo Baffa da liman. Ka bar wannan abin a nan. Kai kuma Mai Surutu, in ka buɗe baki gobe, allurar da zan yi maka ta jaki ce."

Washegari aka shimfiɗa wa Baffa da liman tabarma a gefe, aka ba su shayi. Bara'atu ta roƙe su abu ɗaya: kada su yi tambaya, haɓar Inna kawai za su kalla. Inna na wurinta na kullum a gindin bedi, ga kwanon gyaɗa. An ce mata baƙin sun zo shan inuwa ne. Fatahu na rakuɓe a bakin zaure, hannunsa ba ordinatar, bai san inda zai ajiye su ba.

Bara'atu ta zauna tana taya ta ɓara. "Inna, rediyon nan wa ya gyara miki?"

"Mai Sunan Malam." Haɓa ta ɗan tafi dama, wajen kasuwa.

Aka jima. "Turmin atamfar nan na salla fa, wa ya aiko?"

"Mai Sunan Malam." Haɓa ta tafi hagu, wajen tasha.

Na ga Baffa ya ajiye kofi. Gidan Goggo Mairamu wajen kasuwa yake. Gidan uwar Fatahun Zinariya wajen tasha. An daɗe da sayar da gidajen, ɗaya ma an rushe shi an yi gareji, amma a haɓar Inna suna nan inda suke. Ita kanta ba ta san tana yi ba.

Bara'atu ba ta tambayi zancen nono ba. Inna ba a shigarta ta tsakiya. In ka tsinko mata labari daga ciki sai ta ɓace, abin da aka yi mata washegarin salla ke nan. Sai ta ce, "Inna, shekarar nan da ruwa ya ci katangar Malam, yaya aka yi ne?"

Shi ke nan, an tayar da Inna. Ta faro daga katanga. Ta bi ta kan akuyar da ta faɗa rijiya, da tafiyar mijinta Agadas, da tsadar gero, da wata maƙwabciya Buzuwa da ta koya mata cuku. Liman ya fara gyangyaɗi. Fatahu na zufa kamar yana ramin da bai taɓa shiga ba. Can ta ce, "A shekarar ne ƙanwar mai gidan nan ta kwanta, nono ya ɗauke. Aka kawo mini yaro yana ta tsala ihu. Na ce miƙo shi nan. Haka na shayar da..."

Sai tari ya sarƙe ta. Ɓawon gyaɗa.

Jama'a, na ga tashin hankali a rayuwata, amma ban taɓa ganin namiji ya tsufa a lokacin da ake ɗebo ruwa a randa ba sai ranar. Ta sha, ta goge baki, ta ɗauki gyaɗa.

"...na shayar da Mai Sunan Malam har ta warke."

Haɓa ta tafi wajen tasha.

Fatahu ya sulale a bakin zaure. Baffa Ahmudu kuwa sau ɗaya ba ya isarsa. Ya dawo washegari, ya sa aka juya wa Inna tabarma ta fuskanci ɗaki, aka sake faro mata daga katanga, da akuya, da cuku. Da aka iso wurin, tsohuwa ta waiwaya ta kan kafaɗa, sai da haɓarta ta nemo tasha. Liman ya ce shi dai ya gamsu, kuma don Allah kada a kira shi zama na uku.

Aka ɗaura aure. Baffa ya sa sharaɗi ordinatar ba zai shiga gidan biki ba. Fatahun Zinariya ya iso da motar da ya yi alkawari, ya ɗauki amarya a matsayin yayanta na nono, yana tuƙi yana tambayar ango ko yana jin ƙishirwa. A kasuwa an daina cewa Malam Tayarwa, yanzu Ɗan Nono ake ce masa, shi da bai sha ba. Ban san wanda ya faro sunan ba, amma ya iya zaɓe.

Ya gyara kod ɗinsa. Yanzu kowa da lambarsa a gaban suna kamar kamiyon kamfani, kuma na leƙa na ga fishiye a gefe, ya ce wai na gwaji ne. Har ya ƙara wani gurbi wa kowane mutum inda ake rubuta inda haɓar Inna ke nufa: kasuwa, tasha, masallaci, Akokan. Nawa mahauta ne.

Gurbinsa ne kawai ya gagara. Tunda ya zama suruki, Inna ba ta ce masa Mai Sunan Malam, ba ta ce masa komai, haɓar ma ta daina zuwa kasuwa. In zance ya biyo ta kansa sai ta yi shiru, ta dubi ƙasa, ta ci gaba da ɓara. Rannan na same shi a butik ya dafe kai, ya juyo da gaske yake tambayata wai yaya ake rubuta wannan.

Na ce ya bar wurin fili, in an tayar da kod ɗin duk wanda bai fito ba, shi ne.